Yadda Ake Tara Itacen Jego Ba Tare da Gatari Ba

Kai malalaci, matso kusa.

Ɗari ya sauko. Ruwan randa ya fi ƙarfin haƙori, kaji sun ƙi fita akurki sai rana ta ɗaga, matarka kuma cikinta ya tsufa. Ka san abin da ke kanka. Mace in ta haihu, safe da yamma sai an tafasa mata ruwan wanka har ta yi arba'in. Ga kunun kanwa. Ga kaskon wuta a ɗaki saboda jariri. Duk wannan itace ne, itacen kuma na miji ne. Namijin da ya san ciwon kansa tun kaka yake faskare. Kai kana gindin bishiya kana latsa waya.

Kada ka damu. Bi matakan nan bi da bi. Na yi maka alkawari za ka tara itace har ya kai kan katanga, ba ka taɓa gatari ba, tafin hannunka na nan da laushi kamar na amarya. Hanyar ba tawa ba ce, ni gatarina ya girme ka. Ta Ɗanmusa ce, maƙwabcinmu a nan gefen Tamawa. Bana ya gwada ta a gaban idon kowa. Abin da ya yi zan faɗa maka, kai kuma ka kwaikwaya.

1. Ka san girman abin da ke kanka, sannan ka koma ka kwanta

Malalacin ƙwarai ba mantuwa yake yi ba. Yana sane.

Matar Ɗanmusa sunanta Batula, 'yar Wurma ce. Haihuwar fari a gidansu ta yi ta, kamar yadda aka saba. Amma ko a gidansu mace take, miji ke aika itacen wanka. Ɗanmusa ya aika gaisuwa. Ubanta, Malam Abdulmumin, ba mai yawan magana ba ne. Ya buɗe itacen da ya tanada don gidansa, aka yi wa 'yarsa wanka har ya ƙare. Ranar da za a mai da ita ɗakinta, ya kira surukin nasa zaure.

"Wannan na ɗauke maka," in ji shi. "Ta gaba a ɗakinta za ta haihu, a kan itacenka. In ta dawo gidan nan saboda itace, to ta dawo ke nan."

Ɗanmusa ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "In sha Allahu, Baba." Ya iya durƙuso. Durƙuso ba ya sa kanta a hannu.

Aka yaye 'yar farin, kakanninta suka riƙe ta. Ciki na biyu ya zo, lissafin mata ya nuna tsakiyar ɗari. Maganar Malam Abdulmumin tana kunnen Ɗanmusa, bai manta ko harafi ɗaya ba. Yana son Batula kuwa, wannan ba na musu. Son ne dai bai kai ƙotar gatari ba.

Kai ma haka za ka yi. Kowace safiya dubi cikin matarka. Dubi bayan rumbu, inda ya kamata itace ya kasance. Ka ce, "Akwai lokaci." Ja bargo.

2. Tanadi uzuri tun kafin a tambaye ka

Uzuri kamar hatsi ne, tun kafin yunwa ake zuba shi a rumbu.

Na farko, ka ce daji ba lafiya. Wannan gaskiya ne, masu bindiga sun hana mutane yin nisa. Babu ƙarya mai ƙwari kamar wadda aka jingina da gaskiya. Sai dai busasshen marken da ke gonar Ɗanmusa daga zaurensa ake hango shi. Akuya na zuwa can ta dawo ba ta gama tuƙa ba.

Na biyu, ciwon baya. Na uku, ka zagi masu amalanken da ke kwashe itace suna kaiwa Dutsin-Ma, ka ce su suka ɓata ƙasa. Zagin wani yana ɗumama jiki.

Wata rana Batula na durƙushe gaban murhu tana hura kara, ta ce, "Malam, watan nan fa ya kama."

"Na gani."

"Yaya Garba har ya cika bayan ɗaki. Ga shi matarsa ko ciki ba ta da shi."

Garba wansa ne, ɗan wan ubansa, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ɗanmusa ba ya son jin sunan.

"Garba jaki ne," in ji shi. "Ni mutum ne. Mutum da kai yake aiki."

"To," in ji Batula, "kan ya tafasa ruwa."

In matarka ta yi irin wannan magana, kada ka tanka. Dafe ƙugu, ka ce "wash", ka fita.

3. Riƙe wannan da kyau: ba a hana wuta

Nan ne jarinka yake.

Tun kakanni, abu biyu ba a hana maƙwabci: ruwan sha da wuta. Gishiri a ce ya ƙare. Daddawa a ce babu. Wuta kuwa, ko jiya kuka yi faɗa, ko ba kwa gaisawa, da an ce "a sam mana wuta" sai a ce "ɗiba". Macen da ta hana wuta, da ita za a yi a bakin rijiya har ta tsufa. Ashana ta zo, ba ta kashe al'adar ba, don garwashin maƙwabta ya fi saurin tada murhu da sanyin safiya.

Wata safiya wutar Batula ta mutu. Ita ta yi nauyi, ba ta iya zirga-zirga. Dole Ɗanmusa ya ɗauki tsingaro ya nufi wurin Hawwa'u, matar Garba, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ya same ta hannu ɗaya a ƙullu, hannu ɗaya a matsami, masu saye sun kewaye ta.

"Ja ɗaya can ka tafi," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba. "Ka tare mini ciniki."

Ya ja. Ba garwashi ba ne, bakin wuta ne: itacen marke mai tsawon hannu, kansa ɗaya kawai ke ci. Ya kama hanya. A lungu ya ji nauyin abin a hannunsa. Ya tsaya. Ya dubi inda ke ci, bai wuce ɗan yatsa ba. Ya dubi sauran, itace lafiyayye, busasshe, an faskara shi an gama. A nan Shaiɗan ya yi masa sallama, shi kuma ya amsa.

Ya ce a ransa, "Ni wuta na roƙa. Itacen shi ya biyo ta."

Haddace wannan magana. Za ka buƙace ta ranar da zuciyarka ta motsa, in kana da ita.

4. Raina garwashi

Daga yau garwashi maƙiyinka ne. Bar tsingaro a gida. In an ce za a zubo maka, ka ce, "Iska za ta kashe shi kafin in kai." In an yi jinkiri, ka ce, "Mai ciki ce ke jira." Ba macen da za ta ji wannan ba ta sakar maka murhu ba.

Sa hannu da kanka. Zaɓi mai kauri, wanda aka tura yanzu. Wanda ya ci rabi na wawaye ne.

Da ka isa gida, kunna wa matarka kara da shi, sannan ka soka kansa a yashi. Kada ka zuba ruwa. Ruwa na ƙara, yana tada farin hayaƙi, maƙwabta na da hanci. In ya huce, kai shi bayan rumbu, rufe da tsohuwar zana.

Kada ka naci gida ɗaya. Da safe gidajen gabas, da yamma gidajen yamma. Ba kowane gida namiji ke shiga ba, don haka nemi na tsofaffi, da na gwaggonni, da na matan yayye, da masu tuya a ƙofar gida. A ƙauye irin namu wannan rabin gari ne.

Ɗanmusa ya yi ƙoƙari a nan, a faɗi gaskiya. Sanyin da ke hana shi tashi salla bai hana shi tashi ɗiban wuta ba. Tafiyar da ya yi tsakanin murhu da murhu, da gona ya yi ta, da marken nan ya daɗe da faɗuwa.

Ranar da ya koma wa Hawwa'u karo na ban-san-nawa, ta dube shi ta gefen ido.

"Kai kuwa, ƙanen miji, mi ke kashe wutar gidanku kullum?"

"Iska ce, matar Yaya."

"Lalle kam," in ji ta. "Gidanku akwai iska. Har da ɗanta."

Masu sayen ƙosai suka fashe. Shi ma ya yi dariya, ya ja itacensa. Yana tafe yana mamakin yadda Allah ya halicci mata da ƙarancin lura.

Ga hikima kyauta: mace in ta yi maka dariya, ta yarda da kai ke nan. Kada ka wahalar da kanka da wani tunani.

5. Sa kaza aiki

Ba ka san abin da ke bayan katangar mutane ba. Wani gidan kirya ake ƙonawa, wani gidan tumfafiya, mai hayaƙi ba zafi. Kada ka ɓata roƙonka a gidan tumfafiya. Kana buƙatar ɗan leƙen asiri.

Ɗanmusa na da wata jar kaza. Da sanyi ya shigo ta daina ƙwai, don akurkin nasa ya ɓalle tun damina, iska na shiga ta ko'ina, gero kuma sai wanda ya zube daga bakin turmi. Ya ga tana cin banza. Ya kama ta, ya cilla ta kan katangar wata tsohuwa. Ya zagaya ya yi sallama.

"A yi gafara, Iya, kazata ta faɗo."

Yana bin kaza, idonsa na kan tulin itace. Ya kewaya rumbu, ya leƙa madafa, ya ga abin da ke cikin murhu. Kafin ya kama ta, ta cika maƙoshi da dusar mutane. Riba biyu. Da yamma ya dawo ɗiban wuta, ya san inda zai sa hannu.

Yi haka gida gida. Kaza ba ta kai ƙara.

Sai dai ka kame zuciyarka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wata rana Ɗanmusa na ɗauke da ita a hammata, yana auna wata katanga, wata mata daga ciki ta ce wa akuyarta "as!" Ya saki kaza ya zura da gudu, takalmi ɗaya a baya.

Daga ƙarshe kazar ta gaji da jifa. Ta riƙa haurawa da kanta gidan Garba, ta kwanta a tokar murhun Hawwa'u mai ɗumi. Can ta koma ƙwai. Sauran kajin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kaza ba ta da wayo, amma ta san gidan da ake hura wuta.

6. Kada ka ƙona ko ɗaya

Abin da ka tara na nuni ne. Kada matarka ta taɓa. Ta yi girki da kara, da ƙirare, da kashin shanu. Kara ya tashi fuu ya mutu, ta sake hurawa. In idonta ya yi ja, ka ce hayaƙi na maganin mura. In tuwo ya zo da gudaji, miyar kuka na warin hayaƙi, ɓata rai, ka ce matan yanzu ba su iya girki ba.

Batula ba ta ma nemi taɓawa ba. Ta ɗaga zanar sau ɗaya, ta mai da ita.

"Malam, itacen nan na mutane ne."

"Wa na ƙwace wa? Ba ni aka yi."

"Wuta aka ba ka."

"To, ki raba su mana."

Can ta ce, "Ni dai kunya nake ji. Na daina leƙa ƙofa."

"Ruwan zafi bai san mai itace ba," in ji shi. Maganar ta burge shi, har ya maimaita ta.

Kai kuma kada sanyi ya taɓa ka. Bayan asuba akwai wutar dattawa a ƙofar masallaci. Kowa na zuwa da ɗan itacensa. Kai zo da hannu biyu, shimfiɗa su. Zauna inda hayaƙi ba ya bi. In an tono dankali daga toka, ka ce bari ka taya su duba ko ya gasu.

A wutar nan akwai wani gungumen kirya. Ni na sare shi, da tsufana, ni na jawo shi daga bakin fadama. Kirya ba ta gaggawa. A rufe ta da toka yau, gobe a tone, tana nan ja. Ɗanmusa ya daɗe yana kallonta kamar kura ta ga tunkiya. Ran nan da hantsi, dattawa na miƙewa, ya ce, "Baba, a sam mini wuta." Ya kama gungumen da hannu biyu, ya ja shi a ƙasa har gida. Mai ciwon baya.

Ban hana ba. Ba a hanawa. Na dube shi kawai.

7. In baƙuwa ta zo, juya baƙin kai wajen bango

Itacen roƙo na da aibi ɗaya: kowane kansa baƙi ne. Jera shi, baƙin ya kalli bango, farin ya kalli mai zuwa. Yaye zanar. Tsaya gefe ka harɗe hannu.

Wadda aka aiko daga Wurma don wankan jego ita ce Kaka Yahanasu, kakar Batula. Da uwa ce, da kunyar surukuta ta rufe mata baki. Kaka kuwa ba ta da wannan takunkumi, mijin jika abokin wasanta ne. Ta sauko daga babur da ƙullin kanwa da garin yaji, tana kiran, "Ina angon nawa? Ko sanyi ya kashe mini shi?"

Ɗanmusa ya kai ta bayan rumbu tun ba ta sha ruwa ba. Tuli har kan katanga. Ƙirjinsa ya buɗe. A ransa yana ganin labarin ya isa Wurma, Malam Abdulmumin na gyaɗa kai.

"Tubarkalla," in ji Kaka. "Ashe raina ka ake yi."

Ta zaro ɗaya. Ta juya shi. Ta zaro wani. Ta juya shi.

"Angona, gobara aka yi a dajin naku?"

"Wanda wuta ta lasa ya fi ci, Kaka."

"Haka ne. Kowane da baƙin rawaninsa." Ta kai ɗaya hanci. "Wanga ƙosai nake ji." Ta kai wani. "Wanga daddawa. Ikon Allah. Dajin Tamawa har tuya ake yi a cikinsa."

Ta tuntsire da dariya har tana dafa rumbu. Shi ma ya taya ta. Ka tuna hikimar da na ba ka: ta yi dariya, ta yarda.

Da ta huta, ta yafa mayafi, ta ce bari ta zagaya ta gai da maƙwabta. Ta daɗe. Tsohuwa in ta daɗe a gidan mutane, surutu ne kawai. Yi barcinka.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, Batula ta sauka lafiya. Namiji.

8. Ranar barka, zauna a zaure ka karɓi gaisuwa

Wannan ranarka ce. Sa riga mai kyau. Shimfiɗa tabarma.

Washegari da safe aka ɗora babbar tukunyar wanka. Ɗanmusa da kansa ya tura mata itace, karo na farko. Ya fito zaure, maza suka taru: Garba, liman, dattawan masallaci. Ana ta "Allah ya raya". Mata na wucewa ciki ƙungiya ƙungiya, kamar yadda ake yi.

Wadda ta fara fitowa Hawwa'u ce. A hannunta itacen marke, kansa na hayaƙi.

"Barka, ƙanen miji," in ji ta. "Wutarmu ta mutu. Iska ce. Mun ɗan ɗiba."

Ta wuce. Ɗanmusa ya yi murmushin yaƙe. Ɗaya ne, ba komai.

Sai tsohuwar da ya fara jefa wa kaza ta fito, ɗaya a kowane hannu. Sai gwaggonsa. Sai mai waina. Sai matar liman. Kowace ta rusuna ta gai da maza, ta ce "mun ɗan ɗebi wuta", ta wuce ta tsakiyar zaure. Hayaƙi ya cika wurin. Dattawa na tari, ba wanda ya tashi.

Garba ya ce, "Ikon Allah. Yau wutar gari kaf ta mutu."

Ɗanmusa ya miƙe ya faɗa ciki. Ya tarar da layi daga murhu har bayan rumbu. Kaka Yahanasu na tsaye kan tulin. Mace ta nuna nata, don mace ta san itacenta kamar yadda ta san kazarta. Kaka ta zaro, ta tsoma kansa a wuta har ya kama, ta miƙa.

"Kaka! Itacen wanka ne fa!"

"Wuta suka roƙa, angona."

"Amma ai..."

"In hana? Ga su nan. Faɗa da bakinka su ji. Ka ce a gidan Ɗanmusa an hana wuta."

Mata suka zuba masa ido. Ya buɗe baki. Ya nemi maganar da zai yi, ya ga duk wadda ya ɗauko shi za ta fara sara. Ya rufe.

"Ya ce ku ɗiba," in ji Kaka.

Kiryar nan mata biyu suka kinkima. Da tulin ya ƙare, aka zare na ƙarƙashin tukunya. Sannan aka sauke tukunyar kanta, aka fice da ita.

Kada ka ɗauka gida suka kai. Matan garin nan ba su da lokacin Ɗanmusa, amma Batula tasu ce. Gidan Garba aka tara itacen, kowace ta ajiye nata ta ce, "Na bayar." Wannan karon da bakinta ta faɗa. Aka mai da tukunya kan murhun Hawwa'u. Ruwan bai ma huce ba.

Daga ƙarshe Kaka ta fito da jariri cikin zane, Batula na biye a hankali, lulluɓe. Ba ta dube shi ba. Da ta zo daidai da shi ta tsaya.

"Malam, sauran tuwon jiya na tukunya," in ji ta. "In ka sami wuta, ka ɗumama."

9. Ci ribarka

A ƙofar gidan Garba aka raɗa suna. Malam Abdulmumin ya zo, ya yi addu'a, ya ci goro. Da jama'a ta ragu ya ce a haɗa kayan Batula.

Ɗanmusa ya durƙusa. Ya ce ai a gidan wansa take, ba ta dawo Wurma ba.

"Yau za ta dawo," in ji Malam.

Liman ya sa baki, dattawa suka sa baki, saboda jariri.

"Don girmanku," in ji Malam Abdulmumin. "Amalanke guda. Kowane itace kansa biyu fari. Ya kawo da kansa, in ga tafin hannunsa. In ta yi arba'in bai zo ba, ya sawwaƙe mata."

Aka tafi da ita da la'asar.

Yanzu dubi ribar. Gida shiru. Ba mai tuna maka wata ya kama. Ba kukan jariri, ba kukan kaza. Murhu ya yi sanyi, kyanwa ma ta ƙi kwanciya a kai. Wanda ba shi da mace a gida, me zai yi da itace?

Sai dai ciki ba ya jin wannan hikima. Washegari yunwa da ɗari suka fid da Ɗanmusa. Ya nemo tsingaron da ya yar, ya je wurin Hawwa'u, kansa a ƙasa. Murhunta na ci bal-bal, jar kazarsa na kwance gefe.

"Matar Yaya, a sam mini wuta. Ko garwashi ne."

"Haba, ƙanen miji, ai iska za ta kashe shi."

Ta goge hannu. Ta kwance bakin zane, ta fid da kwalin ashana. Ta zaro tsinke ɗaya, ta ɗora masa a tsakiyar tsingaron.

"Ga wuta," in ji ta. "Ba a hanawa."

Jan kunne

Alkawarina ya cika. Na ce za ka tara itace har kan katanga ba gatari. Ɗanmusa ya tara. Ban ce zai zauna ba.

Wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. In kajinka sun yi hijira, ba ni na kore su ba. In yara sun sa maka suna, ba ni na raɗa ba. In matarka ta tafi, kada ka ce wani tsoho ne ya koya maka. Ni ban san ka ba. Kada ka aiko, kada ka zo.

Ɗanmusa ya zo. Shekaranjiya ne, ina zaune ina wasa gatarina a kan dutse. Marken gonarsa na nan tsaye, arba'in kuma na matsowa. Ya durƙusa har ƙasa, irin durƙusonsa. Ya ce ya zagaya gari, kowa ya ce ƙotar gatarinsa ta karye.

"Baba, a ara mini gatari."

Na ci gaba da wasawa.

"Wuta ce ba a hanawa," na ce masa. "Gatari ana hana shi."